TAIMAKON DA YA MAKARA, BASHI YAKE HAIFARWA



Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a tamu ya san cewa saniyar da ta kwana a kara ba a sayar da ita ba, ba kyauta ta kwana ba. Za ta ci harawa, a jiƙa mata dusa, a biya yaron da ke gadinta, kuma kullum naman jikinta zubewa yake yi. Idan aka yi mako guda ana jiran mai saye, ko da a ƙarshe ya zo ya biya abin da ka sa mata, in ka zauna ka yi lissafi sai ka iske ribar ta tafi cikin tumbinta. Watau kuɗin da ya zo a makare ba ɗaya yake da wanda ya zo a kan kari ba, ko da a wajen ƙirga adadinsu ɗaya ne.

Abin da ya jawo wannan magana wata gardama ce da muka yi a rumfa ran kasuwa bayan la'asar. Wani yaro cikin masu yi mana lodi ya ce shi ya ji a Ingila ko kana aiki, in albashinka bai isa ba gwamnati ce ke cika maka. Ya ce, "Alhaji, can ai babu talaka, kana kwance kuɗi na iske ka." Na ce masa rabin maganarka gaskiya ce, lallai ana cikawa. Amma akwai ranar da mutum ya kai kukansa, akwai kuma ranar da kuɗin ke shiga hannunsa, to abin da ke faruwa tsakanin ranakun nan biyu shi ne ba a gaya maka ba. Na yi masa alkawari zan rubuta abin da na sani a wannan takarda tamu, domin shi da sauran jama'a su ji.

ASALIN ABIN

Tun 1971, zamanin firayim minista Edward Heath, gwamnatin Birtaniya ta fara ba da wani ɗan ƙari ga magidancin da ke aiki amma albashinsa bai isa riƙon iyali ba. Dalilinsu shi ne kada mai aiki ya ga wanda ke zaune yana karɓar kuɗin rashin aiki ya fi shi morewa, har ya ajiye aikin. Masu cin moriyar wannan su ne masu shara a asibiti, da masu dakon kaya a sito, da masu kula da tsofaffi, da masu jiran kanti, da mata masu renon 'ya'ya su kaɗai ba miji. An sake wa tsarin suna a 1988, aka sake a 1999, amma manufar ba ta canza ba.

Sai a watan Afrilu na 2003, lokacin Tony Blair yana firayim minista, Gordon Brown kuma yana ministan kuɗi, aka kawo sabon tsari mai girma da ya shafi iyalai wajen miliyan shida. Aka raba shi biyu, akwai kason yara, akwai kason mai aiki. A lokacin mai iyali ba ya shiga kason mai aiki sai yana yin aikin aƙalla awa 16 a mako. Aka kuma danƙa rabon a hannun hukumar haraji. Ku lura da wannan jama'a, hukumar da tun kafuwarta karɓa ta iya, ita aka ce ta koma tana rabawa.

SHEKARAR DA NA'URA TA CIJE

Ranar da ya kamata a fara biya, sai kwamfutar da wani kamfanin Amurka mai suna EDS ya haɗa wa hukumar ta kasa ɗaukar lodin. Ta yi ta tafiyar hawainiya, wani lokaci ta tsaya cik. An riga an rufe tsohon tsarin, sabon kuma bai tashi ba, dubun dubatar iyalai suka wayi gari babu na da, babu na yanzu. Wanda ya buga wayar hukumar sai ya ji layi a cushe, ya yini yana bugawa ba mai ɗauka. Daga nan mutane suka riƙa yin layi a ƙofar ofisoshin haraji, mata da goyo, ana rubuta musu takardar kuɗin gaggawa da hannu domin su sami na cefane.

Da a nan abin ya tsaya da sai a ce tsautsayi ne na 'yan makonni. To amma wani abu na nan tafe. Tsarin an gina shi ne a kan lissafin shekara. Ana duba abin da ka samu bara, a yanka maka na bana a kansa, in shekara ta ƙare sai a yi hisabi. Idan samunka ya ƙaru da fiye da fam 2,500, ko wani abu ya canza a gidanka ba a shigar a kan lokaci ba, sai a ce an biya ka fiye da haƙƙinka, ka maido. Ƙaramin ma'aikaci kuwa samunsa ba ya zama wuri ɗaya, yau an ƙara masa awoyi, gobe an rage, jibi ya sake wurin aiki. Da yawa sun sanar da hukumar canjin da aka samu, amma takardunsu suka kwanta ba a taɓa ba, na'ura kuwa ta ci gaba da biya a kan tsohon lissafi. Har kuɗin gaggawar nan da aka ba wasu da hannu, daga baya na'ura ta sake biyan su, ya zama an biya sau biyu.

Da aka yi hisabin shekarar farko, 2003 zuwa 2004, sai aka iske an biya iyalai kusan miliyan biyu fiye da ƙima, kuɗin ya kai wajen fam biliyan biyu. Hukuma ta ce a maido. Yadda aka karɓa kuwa shi ne zaftare abin da ake ba mutum duk mako ko duk wata, wasu ma ba su san dalili ba sai dai suka ga kuɗi ya ragu. Mutumin da ya riga ya ci kuɗin a abinci da takalman yara wata goma da suka wuce, ina zai samo shi? Ka ga wanda ya je neman taimako ya komo da bashin gwamnati a wuyansa.

A watan Yuni na 2005 Ann Abraham, wadda ke riƙe da ofishin sauraron koke-koken jama'a a kan ma'aikatun gwamnati, ta fitar da rahoto mai zafi, ta ba da shawara a duba yafe bashin da kuskuren hukuma ya jawo a shekaru biyun farko. Gwamnati ba ta karɓi shawarar dukkanta ba, amma a cikin watan Tony Blair ya tsaya a majalisa ya ba da haƙuri ga iyalan da aka jefa cikin wahala. Kafin ƙarshen shekarar kamfanin EDS ya amince zai biya diyyar fam miliyan 71 da ɗoriya. A 2006 kuma aka ɗaga wancan adadi na fam 2,500 zuwa 25,000 don a rage yawan masu faɗawa ramin.

AN GUDU BA A TSIRA BA

Da gwamnati ta canza hannu a 2010, sabon ministan ayyuka da fansho, Iain Duncan Smith, ya ce abin ya yi rassa da yawa, a haɗe tallafi iri shida wuri ɗaya, har da na haya da na rashin aiki da waɗancan biyu na hukumar haraji. Aka sa masa suna Universal Credit, watau dunƙulallen tallafi. Aka yi doka a 2012, aka fara gwaji a watan Afrilu na 2013 a wani gari kusa da Manchesta. A wannan karo aka daina lissafin shekara, aka koma na wata-wata, domin kada bashi ya taru irin na da. Niyya dai mai kyau ce. Sai dai wancan jinkiri na 2003 lalacewar na'ura ce ta kawo shi, wannan kuwa a cikin dokar kanta aka dasa shi.

Ga yadda abin yake. A ce magidanci ya shigar da buƙatarsa ran 1 ga Maris. Ba za a ba shi ko kwabo ba sai an zuba ido an ga abin da ya samu daga ran 1 zuwa 31 ga watan. Bayan wata ya cika, sai a ɗauki kwana bakwai ana lissafi da turawa banki. Kuɗinsa na farko sai ran 7 ga Afrilu, mako biyar ke nan. Kuma wannan ga wanda takardunsa suka tafi sumul ne. Daga 2015 ma an ƙara wa da yawa wasu kwanaki bakwai a farko waɗanda ba a biya sam, jira ya zama mako shida.

Waɗanda suka tsara abin sun ce wai so suke ya yi kama da albashi, tunda ma'aikaci sai ya yi wata ake biyansa, kuma wanda ya bar aiki ai yana da albashinsa na ƙarshe da zai riƙe shi. Wannan lissafin mai zama ofis ne. Da yawa daga ƙananan ma'aikata a can mako-mako ake biyansu, wasu duk mako biyu, kuma abin da ya shigo ran Juma'a kafin wata Juma'ar ya ƙare. Wanda ba shi da ajiya, ka ce ya yi mako biyar da me?

Bayan wannan ga wahalar shigar da buƙatar. Ta intanet ake yi, dole mutum ya tabbatar da ko shi wane ne, ya kawo shaidar haya, da ta kuɗin da yake biyan masu renon yara sa'ad da yake wurin aiki. Abu ɗaya ya ɓace sai a dakatar da wannan kason. A watan Yuni na 2018 ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnati ya ba da rahoto cewa wajen mutum ɗaya cikin biyar na sababbin masu nema ba sa samun cikakken kuɗinsu a ranar da aka sa, watau bayan mako biyar ɗin ma akwai wani jiran.

ABIN DA JIRA KE CI

Mai gidan haya ba ruwansa da lissafin gwamnati. A waɗannan shekaru dokar Ingila ta ba shi damar zuwa kotu a fitar da ɗan hayan da bashinsa ya kai wata biyu. Wanda ya yi jiran mako shida, aka ƙara masa biyu saboda wata takarda, ya riga ya isa bakin wannan rami. Ga wuta da gas, a ƙasar da sanyi ke kashe mutum a cikin ɗaki, kuma talakawa da yawa mitarsu irin ta sai-ka-sa-kuɗi ce, in kati ya ƙare sai duhu. Daga nan sai ranto wurin 'yan'uwa, in ba su da shi sai wurin masu ba da bashi da ruwa mai tsanani.

Sai kuma abinci. Akwai wasu rumbunan sadaka da majami'u da 'yan sa kai ke gudanarwa, inda ake ba mutum ƙunshin abincin kwana uku idan ya zo da takardar shaida. Babbar ƙungiyar da ke haɗa su, Trussell Trust, ta lura cewa duk yankin da sabon tsarin ya shiga sosai, masu zuwa karɓar abinci sun fi ƙaruwa a kan sauran wurare. Gwamnati ta daɗe tana musun wannan, sai a watan Fabrairu na 2019 minista Amber Rudd ta amsa a majalisa cewa wahalar samun kuɗin da wuri tana cikin abin da ya kai mutane can. A shekarar da ta ƙare a Maris 2024 wannan ƙungiya ta raba ƙunshi fiye da miliyan uku. Ba duka jinkiri ne ya jawo su ba, tsadar rayuwa ma tana ciki, amma a tuna cewa a 2022 wajen kashi 40 cikin 100 na masu karɓar dunƙulallen tallafin nan mutane ne masu aikin yi.

To wace dabara gwamnati ta kawo wa mai jira? Ta ce in ba za ka iya jira ba, zo a ba ka kafin alƙalami. Daga farkon 2018 mutum yana iya karɓar kwatankwacin kuɗin wata guda tun a kwanakin farko. Amma rance ne, babu ruwa a kansa, sai dai za a riƙa cirewa daga abin da za a ba ka nan gaba, da cikin wata 12, daga 2021 kuma cikin wata 24. Mu da muka san kasuwa mun san ma'anar wannan. Wanda ya karɓi kuɗin ɗan maraƙi tun yana ciki, ranar haihuwa ba shi da abin murna. An auna tallafin daidai abin da zai riƙe rai, sannan aka ce a cire wani abu daga ciki har shekara biyu. A farko ana iya zaftare har kashi 40 cikin 100 na ainihin kason mutum don biyan basussuka iri-iri, ciki har da tsohon bashin nan na hukumar haraji da ya biyo wasu zuwa sabon tsari. An rage zuwa 30 a 2019, zuwa 25 a 2021, sannan zuwa 15 a watan Afrilu na 2025. Wannan ragewa da ake ta yi ita kanta shaida ce cewa na farkon ya yi nauyi.

MATA HUƊU DA SUKA KAI ƘARA

Akwai wani abin mamaki da lissafin wata-wata ya haifar, wanda masu aiki kaɗai ya shafa. A ce mace ana biyanta albashi ranar ƙarshen wata. Idan ranar ta faɗo Asabar ko Lahadi ko ranar hutu, sai wurin aiki ya biya tun kafin nan. Wadda watan lissafinta ke farawa dab da ƙarshen wata, sai albashi biyu su faɗa cikin watan lissafi ɗaya, wata mai zuwa kuma babu ko ɗaya. Na'ura ba ta tambaya. Sai ta ɗauka matar nan samunta ya ninka, ta zaftare tallafin watan, alhali ko kwabo ba a ƙara mata ba. Bugu da ƙari akwai wani adadi na albashi da ake yafe wa mai yara kowane wata kafin a fara rage masa tallafi, to sai ta yi asarar na wata guda.

Wasu mata huɗu masu renon yara su kaɗai suka kai gwamnati kotu. Gwamnati ta ce gyara na'urar zai yi wuya kuma zai ci kuɗi. A watan Yuni na 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ƙin gyara wannan abu ya saɓa wa hankali, matan suka yi nasara, kafin ƙarshen shekarar aka gyara dokar.

GYARAN DA AKA YI DA WANDA YA RAGE

Don adalci, an yi gyare-gyare. Kwanaki bakwai ɗin nan na farko an soke su a watan Fabrairu na 2018, jira ya komo mako biyar. An bar wa masu sauya tsari kuɗin hayarsu na da ya ci gaba har mako biyu. A Sikotilan mutum yana iya zaɓar a riƙa biyansa sau biyu a wata, a Ailan ta Arewa kuwa haka aka saba biya. A ƙarshen 2021 an rage abin da ake zaftarewa daga tallafin mai aiki, daga kashi 63 zuwa 55 cikin 100 na abin da ya samu, ban da adadin da ake yafe wa wasu. Tsohon tsarin hukumar haraji kuma an rufe shi gaba ɗaya ran 5 ga Afrilu 2025.

Lokacin annobar korona, a cikin makonni biyu na ƙarshen Maris 2020 mutane kusan miliyan ɗaya suka shigar da buƙata. Aka kwaso ma'aikata daga wasu sassa, aka sassauta binciken takardu, mafi yawa suka sami kuɗinsu a ranar da aka sa. Wannan ya nuna in an so a yi sauri ana iyawa. Amma mako biyar ɗin bai motsa ba ko a lokacin, kuma har 2025 yana nan, domin shi ba cunkoson aiki ne ya kawo shi ba, haka aka rubuta.

Da na karanta wa yaron nan wannan bayani kafin in miƙa shi, sai ya yi shiru, can ya ce, "To Alhaji, ai mu ma nan muna da namu mako biyar ɗin. Ran da munka yi lodi sai a ce mu jira sai an komo daga kudu." Wallahi ban sami abin ce masa ba, don gaskiya ya faɗa. Sau nawa muke ce wa 'yan kora da masu lodi da masu gadi su dakata sai shanu sun ƙare, sai mahauta sun biya, alhali mun san kafin mu komo sun ci gero bashi wurin mai awo a farashin da ya ga dama? Jika biyar ɗin da muka ba shi bayan kwana ashirin, uku ce ta kai gidansa. Mu muna da jarin da za mu jira da shi, shi kuwa ba shi da komai sai ƙarfinsa. Ina roƙon shugabanninmu su sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa, a tsai da cewa kuɗin lodi da na kora da na gadi a cire su tun ranar da mota za ta tashi, kamar yadda ba ma barin kuɗin mota da na takardu sai an komo.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke kanmu, ya sa albarka a kasuwa. Wassalam.